Yadda Na-Sani Ya Gyara wa Inna Rimot

Ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya a layin, kowa Na-Sani yake ce masa. Sana'arsa sayar da kwaɗo da sakata a wani ɗan shago bakin titi, amma idan ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi. Ka ce masa an yi ruwa a wani gari, ya ce ya sani. Ka ce masa matarka ta haihu, ya ce ai ya sani, tun kafin kai ka ji. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba, shi a ganinsa digiri ne jama'a suka ba shi.

Surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta dawo gidansa da zama bayan rasuwar mijinta. Ba ta zo da wani tarkace ba, daga akwatin tufafi sai wata baƙar na'ura mai naɗar shirye-shiryen talabijin da babban ɗanta ya saya. Cikin na'urar nan abu ɗaya ne ya dami Inna. Marigayin direban jirgin ƙasa ne, kuma kafin ya kwanta ciwo wani gidan talabijin ya yi 'yar hira da shi a shirin tsofaffin ma'aikata. Ɗan ya naɗe hirar. Gidan talabijin ɗin ya daɗe da rufewa, don haka muryar tsohon ba ta saura ko'ina ba sai cikin baƙin akwatin nan.

Kullum da hantsi Inna za ta zauna da kofin shayinta, 'yarta ta kunna mata hirar. Marigayi mutum ne da ba ya ba da labari sai ya fara da tambaya. Zai yi gyaran murya, ya dubi ɗan jaridar ya ce, "Ka san abin da ke sa jirgi kuka kafin ya hau gada?" Ɗan jaridar ya ce, "Ban sani ba, Baba." Na-Sani kuwa yana bakin ƙofa yana sa takalmi, sai ya amsa wa talabijin, "Na sani." Tambayar ƙarshe a kan wani jan maɓalli ce da ke ɗakin tuƙi, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya ji amsarta ba.

Matsalar ita ce rimot. Dogo ne kamar takalmin ƙato, maɓallai a jikinsa birjik kamar an watsa wake a faranti, kowanne da wani ɗan zane da sai ka kanne ido kafin ka gani. Kafin a kai ga hirar sai an shiga nan, a sauka can, a wuce tarin wasannin ƙwallo da babban ɗan ya naɗa bai goge ba. Inna ta gwada da kanta ta tsinci kanta a tashar kifaye, tun daga ranar ba ta ƙara ba. To ga shi uwargida, 'yar tata, ta samu aikin koyarwa, za ta riƙa fita da sassafe. Wa zai kunna wa Inna?

"Waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa ganin tsohuwa ba," in ji Na-Sani, yana juya rimot a hannu.

A nan kam ya faɗi gaskiya, da ma a nan ya tsaya.

"Zan gyara shi. Zan mai da shi yadda ko kaza ta taka shi sai ya kunna mata abin da take so."

Uwargida ta ce, "Maigida, ka bari Yaya ya dawo ya nuna mana. Shi ya san kan abinsa."

"Yaya yana tsakiyar teku a jirgin kaya. Ni kuma ina tsakiyar falo. Wa ya fi kusa?"

Inna ta ce a hankali, tana nufin marigayin mijinta, "Ɗana, ni dai kar a taɓa mini Malam."

"Inna, ai saboda Malam nake yi. Ki sa ido kawai."

Ranar bai buɗe shago ba. Ya shimfiɗa jarida a tebur, ya jera baƙin salatif da gam mai kama ƙarfe da jan farcen uwargida, ya zauna kamar likita zai yi tiyata. Dabararsa mai sauƙi ce: duk maɓallin da tsohuwa ba ta buƙata a rufe shi da salatif, wanda ke da haɗari kuma a ɗige shi da gam yadda ba zai ƙara dannuwa ba. Sauran aikin shi ne gane wanne ne wanne, shi kuwa wannan bai ɗauke shi lokaci ba.

Ya dubi wani mai zanen kusurwa huɗu. "Bulo. Me Inna za ta yi da bulo, gini za ta yi?" Ya ɗiga masa gam. Shi ne na tsayarwa.

Ya dubi wani mai kibiya da ta lanƙwasa ta juya. "Komawa baya. A gidana gaba ake yi." Ya ɗiga masa gam.

Ya bar na tsakiya da kibiyoyin da ke kewaye da shi, don sun yi masa kyau a ido. Sai ya zo kan wani mai jan ɗigo, fuskarsa ta washe. "Ga uban tafiyar. Ja ai wuta ne, kowa ya san da shi ake kunnawa." Ya zagaye shi da jan farce har ya yi girman ƙwandala, yadda ko ba tabarau Inna za ta hango shi.

Da ya gama da rimot sai ya koma kan allo. Ya ce ba dalilin da zai sa inji ya ci wutar gidansa yana yi masa yaren waje. Ya yi ta kutsawa har ya faɗa wurin zaɓen harshe, ya bi jerin yana neman nasa bai gani ba, ya danna wani da ya yi masa kama. Nan take duk rubutun allon ya rikiɗe ya koma wasu ƙugiyoyi da 'yan sanduna kamar sawun kaji a laka. Ya kai yatsa zai koma baya, ya ji maɓallin ya ƙame kamar dutse.

Uwargida ta leƙo. "Wannan kuma wane rubutu ne?"

"Yarensa na asali ne. Ya fi sauri idan yana tunani da harshen uwarsa."

"Kai kana jin yaren?"

"Ba sai na ji ba. Mun fahimci juna."

Ya lallaɓa ya fito kan wata tasha da ba ta da aiki dare da rana sai tallar tukwane. Don gwaji ya danna jan maɓallinsa, ya sake dannawa don ya tabbatar. Wani jan ɗigo ya bayyana a kusurwar allo yana ƙyaftawa. Na-Sani ya ce wannan alamar lafiya ce, zuciyar injin ke bugawa. Ya kashe talabijin ya bar akwatin a kunne, ya fita ya sanar da Tela da Mai Aski, maƙwabtan shagonsa, cewa gobe da rana su zo su ga abin da masu kamfani suka kasa.

Washegari da sassafe Inna ta zauna da shayinta. Na-Sani ya miƙa mata rimot da hannu biyu, duk ya sha salatif kamar wanda ya yi haɗarin babur.

"Jan kawai za ki danna, Inna."

Ta danna. Wani mutum mai farar hula ya ɗaga tukunya yana rantsuwa cewa ba ta kamu.

Inna ta gyara tabarau. "Ɗana, Malam ya koma sayar da tukunya ne?"

"Talla ce, yanzu zai shigo."

Malam bai shigo ba. Abin da ya shigo wata doguwar sanda ce a ƙasan allo, ta cika da ja saura ɗan ƙiris. Uwargida, da jakarta a kafaɗa za ta fita, ta kira yayanta. Da ƙyar layin ya shiga, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa.

"Jan ɗigo? Naɗa yake yi! Wa ya danna sau biyu? Ba zai tsaya ba sai an tsayar da shi. Ki danna mai kusurwa huɗu."

"An sa masa gam, Yaya."

"An sa masa me?"

"Gam."

Yaya ya ce, "Ki saurare ni. Idan ya cika zai tambaya ko ya share tsofaffin abubuwa don ya samu wuri. Hirar Baba ita ce mafi tsufa a ciki. Ku zare wayar wutarsa daga bango, kar wanda ya ƙara taɓa shi sai na..." Layin ya yanke.

Uwargida ta zare wayar da kanta, ta naɗe ta a bayan talabijin. Ta dubi mijinta. "Ka ji dai da kunnenka."

"Na sani. Abin da nake shirin faɗa ke nan ya riga ni."

"Maigida, don Allah."

"Ki tafi aikinki, kar ki makara."

Har ga Allah ya yi niyyar bari. Amma rana na take tsaka sai ga sallamar Tela da Mai Aski, sun rufe shagunansu sun zo kallo. Tela da tef ɗin awo a wuya, Mai Aski da reza a aljihun gaba. Suka gaida Inna, suka zauna, suka zuba wa baƙin allo ido.

Mai Aski ya ce, "To, injiniya, ina abin?"

"Yana hutawa."

Tela ya ce, "Ko dai ya mutu ne? Na ga wayarsa a naɗe kamar an yi masa sutura."

Wannan maganar ce ta yi aikin. Ta yaya Na-Sani zai koma shago gobe, Tela na dama Mai Aski na hagu, a ce ya kashe injin surukarsa? Ya miƙe ya jona wayar.

Inna ta ce, "Ɗana, an ce a bar shi."

"Nunawa kawai zan yi, Inna. Ƙiftawar ido."

Akwatin ya farka, ya yi ɗan gurnani, ya ci gaba da naɗar tukwane daga inda ya tsaya, don ya fi mai gidan taurin kai. Sandar ta ƙarasa cika. Sai wani allo ya faɗo tsakiya da dogon rubutun sawun kaji, a ƙarƙashinsa gidaje biyu, ɗaya ruwan ɗorawa ɗaya ruwan toka.

Na-Sani ya gyara tsayuwa. "Tambaya yake yi ko ya share tsofaffi. A'a za mu ce masa."

Mai Aski ya ce, "Wanne ne a'a?"

"Na hagu mana."

Tela ya ce, "Ina! Na dama. Ai mai ƙin abu gefe yake komawa."

"Hagun ma ai gefe ne," in ji Mai Aski.

Na-Sani ya danna kibiya. Launukan suka yi musaya, na hagu ya koma toka, na dama ya koma ɗorawa. Ya sake dannawa, suka sake musaya.

Mai Aski ya ce, "Tsaya. A kan wanne kake yanzu?"

"A kan mai hasken."

"Wa ya gaya maka? Wanda aka danne shi ke dushewa. Ka taɓa ganin an danne abu ya yi haske?"

Tela ya ce, "Kai dai aski ka sani. Idan mace ta zaɓi yadi, mai hasken take ɗagawa."

"To injin nan mace ce?"

"Da namiji ne da ya yi magana a fili!"

Inna ta ajiye kofinta. "Ku zare wayar nan, don girman Allah."

"Inna, idan aka zare yana tsakiyar tambaya ƙwaƙwalwarsa za ta juye. Na san irinsu." Bai san irinsu ba, amma ya ga Tela na murmushi.

Mai Aski ya kawo shawara a kankare gam ɗin a danna na tsayarwa. Ya zaro rezarsa ya shiga aiki kamar yana gyaran fuskar ango. Maɓallin ya yi tsalle ya fita fit, ya gangara ƙarƙashin kujera, ya bar rami. Tela ya ce a ba shi wuri, ya zare allura daga wuyan rigarsa ya zura a ramin. Ko me allurar ta taɓo, Allah masani. Ƙarar talabijin ta haura har ƙarshe, mai farar hula ya kwarma ihu daga bayan allon tambayar cewa a yau kaɗai, duk wanda ya sayi babba za a ba shi ƙarama kyauta.

Tagogi suka ɗauki rawa. Maɓallin rage ƙara yana ƙarƙashin salatif, kuma ba wanda ya tuna a wane layi. Kafin a ce haka matan gidan sama sun sauko, masu shagunan bakin titi sun shigo, wata ma da kwanonta a hannu tana tambaya ina ake rabon tukwanen. Falo ya cika har ƙofa. Kowa ya ji bayani sai ya zaɓi ɓangare, 'yan ɗorawa suka koma bayan Tela, 'yan toka suka koma bayan Mai Aski, ana ta nuna allo da yatsa ana ɗaga murya sama da ta mai tukwane.

Ana cikin haka uwargida ta dawo. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ga allon, ta ga fuskar mahaifiyarta, ta jefar da jaka ta fara ratsa mutane ta nufi bango.

Na-Sani ya hango ta. Ya ga idan ta kai ga wayar nan, labarin da layin zai kwana da shi shi ne matarsa ce ta cece shi. Ya ɗaga rimot sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, a yi shiru! Na sani!"

Ya danna na tsakiya.

Akwatin ya yi wani ɗan sauti mai daɗi. Ƙarar ta ɗauke. Wata koriyar alama irin wadda malami ke sa wa ɗalibin da ya ci ta fito a allo, jar sandar nan ta zuƙe ta koma fara fes. Falo ya kaure da tafi. 'Yan ɗorawa suka ce nasu ne ya ci, 'yan toka suka ce nasu ne. Na-Sani ya buga ƙirji ya juya yana karɓar gaisuwa.

"Kun gani? Kore! Ciwon ya fita gaba ɗaya!"

Uwargida ta karɓe rimot daga hannunsa. Ta bi da kibiya a hankali zuwa inda hotunan abubuwan da aka naɗa suke jeruwa, inda kullum fuskar mahaifinta ke can ƙasa da hularsa ta aiki. Babu ƙwallo. Babu hula. Hoto ɗaya ne ya rage, na mutum riƙe da tukunya. Injin da ko agogonsa za ka gyara sai ya tambaye ka ko ka tabbata, wannan karon bai ga dalilin sake tambaya ba.

Inna ta ce, "Ina Malam?"

Tafin ya mutu a hannun masu yi.

Na-Sani ya fara kame-kame. "Wato, Inna, ba sharewa ya yi ba, ya dai matsar da shi ne ciki, can wajen..."

"Maigida," in ji uwargida.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafinta, ta daɗe tana kallon allon. Baƙin ciki ne sosai, irin na wanda aka yi wa rasuwa ɗaya sau biyu. Na-Sani ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Mutane suka fara zamewa ta ƙofa.

"Kowa ya tsaya," in ji Inna. "Ai kallo kuka zo. Ɗana, ɗauko kujerar can ka sa gaban talabijin. Zauna. A ba shi rimot ɗin, ya riƙe a baki kamar abin maganar yaron nan ɗan jarida."

Ya zauna. Ya riƙe. Salatif na lilo a ƙarƙashin haɓarsa.

Inna ta gyara zama, ta ɗora hannu a gwiwa yadda marigayi ke yi, ta yi gyaran murya irin tasa sak, har uwargida ta toshe baki. Ashe babu kalma ɗaya ta hirar nan da ba ta haddace ba.

"Ka san abin da ke sa jirgi kuka kafin ya hau gada?"

Bakin Na-Sani ya buɗe da kansa. "Na s..."

"Ba haka yaron ya ce ba."

Ya dubi Tela, Tela ya dubi silin. Ya dubi Mai Aski, ya ga yana cizon leɓe.

"Ban sani ba, Baba."

"Ɗaga murya. Yaron yana da murya."

"Ban sani ba, Baba!"

Haka suka bi hirar tambaya bayan tambaya, ta gada, ta saniyar da ta kwanta a kan layin dogo, ta fasinjan da ya yi barci ya wuce garinsu. Kowace ya amsa da abin da bai taɓa faɗa ba a layin nan, a gaban duk mutanen layin. Inna ta ce gobe ma da hantsi haka za a yi, da jibi, tunda ya ce zai gyara mata yadda ba sai ta jira kowa ba.

Sannan ta zo kan ta ƙarshe. Muryarta ta ɗan karye, ta tsaya ta daidaita ta.

"Akwai wani jan maɓalli a ɗakin tuƙi, ta hannun hagu. Ka san aikinsa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba," in ji Inna da muryar mijinta. "Shi ya sa har na bar aiki ban taɓa danna shi ba. Kuma duk wanda na ɗauko, na kai shi gida."